Jiki Magayi, Malam: Martani Kan Ciwon Wuyan Hannu a Wasan Fakur

Ɗan yayata ne ya kawo mini rubutun, yana murmushi irin na wanda ya samu lauya kyauta. Mako uku kenan ina fama da shi ya bar haura shingen ƙarfen filin ƙwallon unguwarsu, saboda wuyan hannunsa na dama da yake ta murzawa ko a bakin kwanon tuwo, sai ga wani marubucin wasanni, babba da shi, ya fito a rubuce ya ba shi gaskiya. Yaron shekararsa 14. Ya ajiye mini takardar a cinya ya ce, “Kawu, karanta ka ji, ashe kowa ma haka yake ji.”

Na karanta har sau biyu. Tunda malamin a bainar jama'a ya yi maganarsa, a nan zan ba shi amsa.

Ga wanda bai gani ba, ga inda ya sa gaba. Fakur, wasan nan na gudu da haure-haure da samarin Faransa suka ƙirƙiro, yaranmu kuma suka tsince shi a waya, yana da kuɗin shiga a cewarsa, kuma ciwon wuyan hannu ne kuɗin. Hannun ɗan zamani ya yi laushi, bai san komai ba sai latsa waya, shi ya sa da ya dafa ƙarfe sai ya fara ƙorafi. Magani a wurinsa a ɗaure hannun tamau da bandeji, a shafa man zafi, a koma bakin ƙarfe a yi ta haurawa har hannun ya ƙeƙashe. Ya kafa hujja da 'yan dambe. Ya kafa hujja da waɗanda suka kafa wasan, ya ce ba a taɓa jin sun zauna jinyar wuyan hannu ba. Daga ƙarshe ya yi wa iyaye irinmu shaguɓe, wai muna lallaɓa 'ya'ya kamar ƙwai.

Malam, akwai inda ka faɗi gaskiya, kuma ba zan ci maka haƙƙi ba. Hannu marar ƙarfi ba zai yi wannan wasa ba. Tsamin jiki bayan motsa jiki ba cuta ba ce. Ni ma ba na cikin masu ganin wasan shiririta ne, domin tun a 2017 Birtaniya ta amince da shi a hukumance, a 2022 kuma aka yi gasarsa ta duniya ta farko a Tokiyo ƙarƙashin hukumar jimnastik ta duniya. Inda muka raba hanya shi ne ka zuba tsamin nama da ciwon gaɓa a ƙwarya ɗaya ka dama. Tsami sai an kwana yake bayyana, a cikin tsokar sangalin hannu yake zama, ba ka iya cewa ga takamaiman wurinsa, da jiki ya ɗumama ya lafa, bayan kwana biyu ko uku ya tafi. Ciwon gaɓa kuwa yaro zai nuna maka wurinsa da yatsa ɗaya. A daidai lokacin da nauyi ya hau hannun yake sara, kuma kullum ƙaruwa yake yi. Na farkon ana jure shi. Na biyun tambayarsa ake yi daga ina ya fito.

Mu fara da 'yan damben naka, domin a nan na gane ba ka tsaya ka kalli hannun da kake magana a kai ba. Ɗan dambe dunƙule hannu yake yi. Idan ya kai naushi, bayan hannunsa da sangalinsa a layi ɗaya suke, ƙashi na bayan ƙashi kamar an jera bulo. Tsumma da zaren da ake naɗa masa aikinsu kenan, su hana wuyan hannun lanƙwasa. Mai haura shinge kuwa buɗe tafi yake yi, wuyan hannunsa ya karye baya, sannan ya ɗora masa nauyin jikinsa duka. Ka gwada yanzu a kan teburin da kake rubutu: shimfiɗa tafinka, ka tayar da sangalinka tsaye. Kusurwar da ta samu digiri 90 ce. Yawancin mutane da ƙarfin tsokarsu ba sa iya lanƙwasa wuyan hannu baya fiye da wajen digiri 70, ragowar nauyin jiki ne ke cika ta da tsiya, ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu suna matsuwa da bakin babban ƙashin sangali ta bayan hannu. To in ka ɗaure yaro irin ɗaurin dambe, ba zai iya dafa ƙarfen ba. In kuma ka sassauta yadda zai iya dafawa, ɗaurin ya zama ado. Hannu ɗaya ne, amma aiki biyu ne da ba su haɗa hanya ba.

Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa takwas ne jere a sahu biyu, zaune a kan ƙasusuwan sangali biyu. Idan mutum ya dogara da tafinsa, wajen kashi 80 cikin 100 na nauyin ta ƙashin ɓangaren babban yatsa yake bi, ragowar kashi 20 ya bi ta wani ɗan matashin guringuntsi ya shiga ƙashin ɓangaren ƙaramin yatsa. Halitta ce ta juyi da kamu da sarrafa abu. Tana iya ɗaukar kaya, amma sai an koya mata a hankali, kuma sai an ɗora kayan ta inda ya dace.

Abin da rubutunka ya tsallake gaba ɗaya shi ne yadda ake haurawar. Ko sau ɗaya ba ka tambaya ba, me ya sa yara biyu masu ƙarfi ɗaya za su haura ƙarfe ɗaya, ɗaya ya koma gida garau, ɗaya yana riƙe da hannu? Ka je ka zauna bakin fili ka rufe ido, kunnenka zai ba ka amsa. Wanda ya iya, ba ka jin saukar tafinsa. Wanda bai iya ba, sai ka ji “ɗau!”, ƙarfen ya ɗauki rawa. Ƙafa ce ke jefa mutum sama. Kafin tafi ya taɓa ƙarfe ya kamata a ce ƙugu ya riga ya tashi, jiki ya riga ya kama hanyar tsallakewa, hannu ya zo kawai ya gyara masa akala ya ɗan ƙara tura shi. Sabon shiga tsoron tashi yake yi. Ko dai ya matso dab da ƙarfen ya tsaya cak, sannan ya nemi ɗaga kilo 50 ko 60 da hannu zalla, ko kuma ya taso daga nesa ya faɗo a kan hannun kamar an jefo buhun gero. A salon nan na hannu biyu da ake cusa gwiwoyi ta tsakiya, wanda Faransawa ke ce wa tsallen kyanwa, masu Ingilishi kuma suka laƙaba masa sunan goggon biri, kuskuren taku ɗaya a wurin tashi ya isa ya mayar da dafawa ta koma karo.

Lissafin ba shi da wuya. A ce nauyin yaro ya faɗo santimita 20 a kan hannuwansa. In ya ƙame gwiwar hannu da kafaɗa har faɗuwar ta tsaya cikin santimita 2, abin da hannuwan za su ɗauka ya kai ninki 11 na nauyinsa. In ya bar gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, kafaɗa ta karɓa, faɗuwar ta tsaya cikin santimita 10, ninki 3 ne. Na sauƙaƙa lissafin, domin a gaske ba dukkan nauyi ke sauka a hannu ba, amma bambancin yana nan daram. Yaro ɗaya ne, ƙarfe ɗaya, ƙarfi ɗaya. Wane bandeji ne zai rage maka ninki 11 ya koma 3?

Sai kuma shi kansa ƙarfen. Mutane na ɗauka ƙarfe mai zagaye ya fi katanga cutar da hannu, alhali sau da yawa ya fi ta sauƙi. A kan katanga dole tafi ya kwanta shimfiɗe, wuyan hannu ya karye har ƙarshe. A kan ƙarfe yatsu na iya zuba ta ɗaya gefen, wuyan hannu ya ɗan miƙe. Dalilin kenan da ya sa 'yan jimnastik masu ciwon wuyan hannu kan yi tsayuwar hannu a kan 'yan gajerun sanduna maimakon daɓe. Sai dai da sharaɗi: ƙarfen ya zauna a gindin tafi, daidai ƙarƙashin ƙasusuwan sangali, yadda nauyi zai bi layi ya wuce. Yawancin yara a gindin yatsu suke tarbarsa, kamar za su ɗauki bokiti. 'Yar tazarar nan da ke tsakanin gindin yatsu da gindin tafi, wadda ba ta wuce faɗin yatsu uku ko huɗu ba, ita ke zama sandar ɓanɓara, duk nauyin da ya sauka sai ya ƙara karya wuyan hannun baya. A irin wannan yara kan nuna maka tsakiyar bayan wuyan hannu su ce nan ne.

Waɗanda ke nuna ɓangaren ƙaramin yatsa kuwa, yawanci labarinsu na riƙo ne. Tsoro kan sa yaro ya damƙe ƙarfe kamar ransa na ciki, babban yatsa ya zagaya ta ƙasa ya kulle. Jiki ya wuce, ya juya gefe, hannu yana nan a maƙale bai saki ba. Murɗawar da ya kamata ta watse a iska sai ta taru a wannan ɗan matashin guringuntsi. Shi ne za ka ga yaro yana yatsina fuska in zai murɗa makulli ko ya matse wanki. A salon haurawa ta gefe da hannu ɗaya, hannun a makare yake zuwa, ya taɓa, ya tura, ya tashi. A salon da ake juyawa a rataya ta ɗaya gefen, inda riƙo ya zama dole, tun kafin a tashi ake juya tafi ɗaya, don in jiki ya gama juyawa ya tarar da hannun a zaune daidai. Waɗannan abubuwa a yini ɗaya ake nuna wa yaro su, ko da zai ɗauki watanni kafin su zauna masa a jiki. Kai kuma ka ce ya ƙara yawan haurawa. Wanda ke maimaita kuskure sau hamsin a rana, kuskuren yake ƙwarewa a kai. (Ban ma shiga zancen ƙarfen da walda ta saki ba, ko wanda ƙurar hunturu ta sa shi santsi. Wanda bai girgiza ƙarfe da hannu ba kafin ya ɗora masa ransa, wannan wata matsalar ce daban.)

Mu koma ga samarin Faransa, tunda ka kira su shaida. Gaskiya ne David Belle da Sébastien Foucan da abokansu, da suka taso a Lisses da Évry, kudu da birnin Faris, a shekarun 1980, sun horar da kansu horo mai tsanani. Sunan da suka raɗa wa ƙungiyarsu a 1997, Yamakasi, daga harshen Lingala na Kwango ya fito, kuma ƙarfi yake nufi. Amma me suka yi da tsananin? Babban ɓangarensa gina jiki ne: rarrafe da hannu da ƙafa mai nisa, gaba da baya, hawa da sauka, rataya, maimaita ƙaramin tsalle har sai saukarsa ta daina ƙara. Rarrafen nan shi ne makarantar wuyan hannu, domin yana ɗora masa nauyi kaɗan-kaɗan ba tare da duka ba. Mahaifin David, Raymond Belle, sojan kashe gobara ne a Faris, mutumin da aikinsa ke buƙatar ya wayi gari gobe da jiki mai aiki. Tushen tunaninsu kuma yana komawa ga Georges Hébert, hafsan sojan ruwan Faransa, wanda koyarwarsa ita ce a yi ƙarfi don a amfanar. Akwai kuma taken da 'yan wasan suka riƙe har yau, mai nufin a wanzu kuma a daɗe. An haifi David Belle a 1973, fim ɗin Banlieue 13 da ya sa duniya ta san shi kuwa a 2004 ya fito. Mutumin da yaranmu ke kallo a waya yana shawagi ɗan shekara 31 ne, da fiye da shekara goma sha biyar na horo a bayansa. Cewa ba a taɓa jin sun yi jinya ba, Malam, ai kyamara ba ta bin mutum ɗakin jinya. Wanda ya ji ciwo ya bar wasan tun yana ɗan shekara sha biyar kuwa, babu mai yin fim a kansa.

Duk wannan da sauƙi in da manya kake yi wa magana. Masu karanta ka yara ne, kuma hannun yaro ba ƙaramin hannun babba ba ne. Kusa da ƙarshen ƙashin ɓangaren babban yatsa akwai wani siririn layin guringuntsi, ta nan ƙashin ke samun kusan kashi uku cikin huɗu na tsawonsa, kuma ba ya rufewa sai wajen shekara 16 zuwa 18. Kafin ya rufe, shi ne wuri mafi rauni a wuyan hannun, ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi saurin gajiya. Likitocin ƙashi sun daɗe da sanin abin da yawan dafawa da duka ke yi masa, har suka laƙaba wa ciwon sunan 'yan jimnastik, don a wurinsu aka fi ganinsa. Farkonsa ɗan ciwo ne a lokacin wasa, irin wanda ka ce a jure. In an huta makonni, yakan warke. In an ci gaba, layin na iya rufewa kafin lokacinsa, ƙashin ya tsaya, ɗan'uwansa na ɓangaren ƙaramin yatsa ya ci gaba da tsawo har ya riƙa tokarar guringuntsin da ke samansa. Wannan ba a gyara shi da man zafi, wani lokaci sai an kai ga wuƙar likita. Ko ga babba ma, tsoka cikin makonni take ƙara ƙarfi, jijiyoyi da gaɓoɓi kuwa sai an haɗa da watanni. Shi ya sa mai wata biyu da farawa ke jin kansa zaki, alhali wuyan hannunsa bai ma san an fara ba.

Akwai kuma wanda ya fi tsorata ni. Cikin ƙananan ƙasusuwan nan takwas akwai ɗaya a gindin babban yatsa, girmansa bai wuce ƙwallon yazawa ba, likitoci na kiransa sikafoyid, daga kalmar Girkanci mai nufin kwale-kwale. Shi ne ya fi dukkan 'yan'uwansa karyewa, wajen biyu cikin uku na karayar waɗannan ƙasusuwa tasa ce, kuma samari ne suka fi samunta, ta hanyar faɗuwa a kan buɗaɗɗen tafi. Wato daidai abin da ke faruwa in ƙafa ta harɗe da ƙarfe. Muguntarsa ita ce ba ya tayar da hankali. Kumburi kaɗan, hannu na motsi, kowa ya ce targaɗe ne. Hoton ƙashi na ranar farko ma kan kasa nuna shi, shi ya sa likita kan ɗaure hannun ya ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake ɗauka. Jini kuma ta ƙarshensa na gaba yake shigarsa ya komo baya, don haka in ya tsage a tsakiya, ɓangaren baya na iya rasa jini ya mutu. An kama shi da wuri, makonni shida zuwa sha biyu ne a cikin simintin asibiti. An bar shi, yana iya ƙin haɗewa, bayan shekaru gaɓar ta cinye kanta, mutum yana tsakiyar ƙarfinsa ya kasa murɗa totur ɗin babur. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji Hausawa, ya yi dubu bai fito ba.

Gane shi ba sai an yi karatun likita ba. Ka ɗaga babban yatsanka sama, za ka ga wani ɗan rami a gindinsa ta gefen wuyan hannu, wanda Turawa ke kira akwatin garin taba don a nan mutanensu na da ke zuba anwuru su shaƙa. Duk wanda ya faɗi a kan tafinsa, aka danna ramin nan ya zabura, asibiti za a nufa a ranar. Ina girmama maɗoran gargajiya, sun tayar da mutane da yawa a garuruwanmu, amma tsagar da na'ura ma kan kasa gani ranar farko ba yatsa ne zai lalubo ta ba, kuma ja da murza ba abin da za su ƙara mata sai nisa. Rubutunka, Malam, ko kalma ɗaya bai ware wa wannan ba. Ya bar yaro da fahimtar cewa duk ciwon wuyan hannu iri ɗaya ne, kuma duk na ragwaye ne.

Bandejin da kake ta yabo yana da wurinsa. 'Yan jimnastik na da abin ɗaurawa mai tauri ta bayan hannu da ke hana shi karyewa baya har ƙarshe, kuma mai dawowa daga jinya kan amfana da shi ƙarƙashin idon mai horarwa. Abin da na ƙi shi ne a ɗaure don a toshe bakin ciwo. Haka man zafi, haka ƙwayoyin kashe raɗaɗi da yara ke saya a kemis ba tare da kowa ya sani ba. Jiki magayi ne, kuma ciwo ne ɗan aikensa. Ka kori ɗan aike, saƙon yana nan.

Mun kai ɗan yayata an ɗauki hoto. Babu karaya, alhamdu lillahi, amma likitan ya danna ƙarshen ƙashin nan mai layin girma, yaron ya janye hannu, sai ya ce mako shida ba dafa komai. Ya yi ta kumbure-kumbure a gida. Yanzu ya koma, a wani ƙarfe da bai wuce ƙugunsa ba, yana yin salon da ake ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙarfen a raba wa hannu nauyi, dama goma, hagu goma, bayan rarrafen da ya tsana kamar me. Ya ce abokansa na yi masa dariya wai haurawar tsofaffi yake yi. Sharaɗin da na gindaya masa guda ne, in ina tsaye taku biyar daga wurin kada in ji saukar tafinsa, kuma jiya sau uku kacal na ji.

Da ya ga ina wannan rubutu, ya ce in tambaye ka, Malam, ko kai ka taɓa haura ƙarfen da kanka. Na ce masa ba a yi wa babba irin wannan tambaya. Ga shi dai na faɗa maka abin da ya ce.